Kajin Asali Masu Tsada a Saudiyya: Zaɓe, Saye da Lissafin Kuɗinsu

Wanda ya buɗe Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya, ya nemi kazar Brahma ko baƙar nan da ake kira "Lambogini" zai ga kaza iri ɗaya da farashi goma, kuma kowane mai talla na rantsuwa tasa ce "buyur", wato tsantsar asali. Ba duka ne ha'inci ba. Kajin asali, wato tsofaffin jinsunan da ke haifar irinsu tsatso bayan tsatso, ba su da tsayayyen farashi irin na kazar firiza a baƙala, wato kantin unguwa. Shekarun kazar, tsarkin jininta, launinta, watan da ake ciki da garin da take, duk suna cikin kuɗin. Don haka kada lambar da ke kan talla ta ruɗe ka. Ainihin kuɗin kaza shi ne duk abin da ka kashe har ranar da ta saka ƙwan farko a akurkinka, bayan ta ga watan Yuli ta tsira.

Wurin kiwo ne ke zaɓar maka jinsi

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta yana tsakanin digiri 41 da 42, kuma ta hanyar haki da buɗe fukafukai take fitar da shi. Iska na haura digiri 30 sai ta rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Idan akurki ya kai 40 babu iska, masu nauyi ne ke fara faɗuwa. A Makka da Madina wannan ba baƙon abu ba ne daga Mayu zuwa Satumba. Jidda ba ta kai su ƙuna ba, amma laimar teku na hana hakin yin aiki, ga shi mukayyif sahrawi, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wanda ke sanyaya wuri sosai a busasshiyar iskar Riyad da Madina, ba ya taɓuka abin kirki a can. Ɗa'if da Baha da Abha kuwa kan duwatsu suke, Ɗa'if wajen mita 1,800 sama da teku, Abha ta haura 2,000. Kazar da ke walawa a Ɗa'if tana iya mutuwa a rufin gida a unguwar Misfala ta Makka, alhali tafiyar ba ta kai awa biyu ba.

Sai maganar muhalli. Mai zaune a shiƙƙa, wato sashe a gidan bene, ya san zakara ba ya ɓoyuwa, kuma ƙarar maƙwabci ɗaya a baladiya, hukumar gari, ta isa ta raba ka da kajin. Mafi yawan masu kiwon gaske a istiraha, wato gidan hutu mai fili, ko gona suke ajiyewa. Ka auna filinka tukuna: kowace babbar kaza na buƙatar kusan rabin murabba'in mita a ɗakin kwana, da aƙalla murabba'in mita ɗaya a filin yawo mai inuwa. Wanda ke da niyyar kasuwanci kuma yana kan iƙama, takardar zaman baƙo, ya fara sanin matsayinsa a doka, domin yin ciniki da sunan wani tasattur ne, kuma hukuncinsa ba wasa ba ne.

Jinsunan da ke kasuwa

Mafi sauƙin samu kuma mafi araha su ne na yankin nan. Fayyumi 'yar Masar ce, sunanta daga lardin Fayyum. Wuyanta fari kamar azurfa, jikinta zane-zanen baƙi da fari, ƙafafu shuɗi-shuɗi masu duhu, wutsiya a miƙe. Zakaran bai cika wuce kilo 2 ba, macen wajen kilo ɗaya da rabi. Tana fara ƙwai da wuri, tun tana wata huɗu da rabi zuwa biyar, ta saka 150 ko fiye a shekara, ƙanana masu launin madara. Tana jure zafi, tana da ƙarfin jini, sai dai ba ta son a kama ta kuma tana tashi sama, saboda haka filinta sai da rufin raga. Akwai kuma Hasawi ta yankin Ahsa, baƙa, da baladi ta gida, da mai wuya ba gashi wadda rashin gashin ke taimaka mata a zafi. Ga wanda zai fara kiwo a Makka ko Jidda, a nan ya kamata ya fara, ko da aljihunsa ya kai na Brahma.

Na tsakiya su ne masu ƙwai da nama na Turai da Amurka da Ostireliya. Rod Ailan ja ce mai duhu kamar dabino, wutsiya baƙa, ƙafa rawaya, tana haura ƙwai 200 a shekara. Filimot Rok mai zane-zane, Saseks ta Ingila fara mai baƙin wuya, Ostiralof ta Ostireliya baƙa mai ƙyallin kore, da Legon wadda asalinta garin Liborno ne a Italiya. Legon ta fi su duka jure zafi saboda jikinta ba nauyi kuma zankonta babba ne, ta nan take fitar da zafi. A rukunin nan ne aka fi cutar sabon shiga. Jar kazar kamfani, irin su Lohmann Brown da ISA Brown, ruwa biyu ce da aka haɗa don ƙwai. Idan gonaki suka gama cin moriyarta suka fitar, wasu na saye su sayar da sunan Rod Ailan. Jarta ba ta da duhu, akwai farin gashi a wutsiya da ƙasan jiki, sau da yawa an yanke mata baki. 'Ya'yanta ba sa fitowa irinta, kuma wannan shi ne bambancin kazar asali da ta kamfani.

Masu tsadar su ne na ado da na nauyi. Brahma a Amurka aka daidaita ta wajen 1850 daga manyan kajin da aka kai daga Sin. Zakara na kai kilo 5 da rabi, mace 4 da rabi. Zankonta gajere ne mai layi uku, ƙafa rawaya da gashi har kan yatsu. Koshin ma 'yar Sin ce, ta fi ta gashi, zankonta ɗaya a tsaye. Ofinton kuwa William Cook ne ya fitar da ita a 1886 a Ingila. Ukun nan duk kajin sanyi ne, suna jinkirin girma, Brahma kan kai wata bakwai zuwa tara kafin ƙwan farko. A kan launi farashinsu ke tashi: fara mai baƙin wuya ta yi yawa a kasuwa, sababbin launuka kuwa suna tsada shekara ɗaya ko biyu, sai kowa ya ƙyanƙyashe, farashin ya zube. Wanda ya sayi launin da ake yayi da tsada don ya mayar da kuɗinsa ta sayar da ƙwai, ya sani akwai mutum ɗari da suka yi wannan lissafin tare da shi.

Ayam Cemani, wadda 'yan kasuwa ke kira Lambogini, daga tsibirin Jawa take a Indonesiya. Gashi, fata, zanko, nama da ƙashi duk baƙi ne. Jininta ja ne kamar na kowace kaza, ƙwanta kuma launin madara. Duk wanda ya nuna maka baƙin ƙwai ya ce nata ne, rini ne. Ƙwai 60 zuwa 100 take sakawa a shekara, ƙarancin nan na cikin abin da ke riƙe farashinta. Silki ma fatarta baƙa ce, gashinta kamar auduga, yatsunta biyar. Amfaninta ya wuce ado, domin babu kamarta wajen kwanci da reno. Maran ta Faransa don ƙwanta mai launin gahawa ake sayenta, Arokana ta ƙasar Chile don shuɗin ƙwai. Asil, wadda a nan ake ce wa Bakistani, da Shamo ta Jafan suna da nasu masoyan, amma zakarunsu ba sa zama wuri ɗaya, kowane sai da kejinsa, ƙarin kuɗi ke nan.

Ƙwai, tsako, bashayir ko ɗaƙam

Hanya huɗu ake saye, kuma a nan lissafin yake.

Ƙwan ƙyanƙyasa shi ne mafi araha a ido. A ce an sayar maka da guda 12 a kan riyal 20 kowane, riyal 240 ke nan. Ƙwan da ya sha hanya a mota daga Riyad zuwa Jidda, kusan kilomita 950, idan rabinsa ya ƙyanƙyashe an gode Allah. Shida ke nan. Ɗaya ya mutu a goyo, saura biyar. Kusan rabi zakaru ne. Ka tashi da mata biyu ko uku, kowace ta ci riyal 80 zuwa 120 tun kafin a sa kuɗin abinci, wuta, magani da faƙƙasa, wato injin ƙyanƙyasa. Ka sa farashin da aka faɗa maka a gurbin wancan 20 ɗin, ka raba kuɗin gaba ɗaya da kashi ɗaya cikin biyar na yawan ƙwan, za ka ga abin da kowace mace za ta tsaya maka. Ga shi kuma ba ka ga uwa ba, ba ka ga uba ba.

Tsako ɗan kwana ɗaya zuwa mako ya cire maka cacar ƙyanƙyasa, amma bai cire ta mace ko namiji ba. A yawancin kajin asali ba a bambance mace da namiji sai mako shida zuwa takwas, Silki kuwa har wata uku zuwa huɗu tana ruɗa gwanaye. Mai cewa tsakin Silki 'yan mako ɗaya duk mata ne, fata yake yi maka.

Bashayir, wato sagarun da ke dab da fara ƙwai, sun fi tsada a kai ɗaya, amma abin da ka gani shi ka saya. Kafin ka ce an tsauwala, tuna mai su ya ciyar da kowace kilo 7 zuwa 8 na abinci idan mai sauƙin jiki ce, Brahma kuwa ninki biyu ko fiye, ya kuma ci asarar zakarun da ba su da kasuwa. Ga mai son kaji biyar ko shida kawai, wannan ce hanyar da ta fi sauƙi a ƙarshe.

Ɗaƙam shi ne zakara da mata biyu zuwa huɗu da suka riga suka fara. Tambaya biyu a nan: shekarunsu nawa, kuma me ya sa ake sayarwa? Ƙwai na raguwa kowace shekara bayan ta farko. Tsohuwar kaza ɓawon ƙafarta kaushi ne, farcenta doguwa. Sannan sau da yawa zakaran da matan 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, daga ƙyanƙyasa guda.

Wurin saye da yadda ake ciniki

Akwai kasuwannin tsuntsaye na garuruwa, waɗanda suka fi cika ranar Juma'a. Akwai Haraj, da gwanjon da ake yi kai tsaye a Snapchat da TikTok, da zaurukan WhatsApp na masu kiwo. Kasuwa ta fi araha, ta kuma fi haɗari, domin tsuntsayen gari goma ne ke numfashi wuri ɗaya. A Disamba 2017 a kasuwar Aziziyya ta Riyad aka gano murar tsuntsaye nau'in H5N8, aka hallaka dubban tsuntsaye. Mafi kyau ka je wurin mai kiwon da kanka, ka ga iyayen, ka ga akurkin, ka shaƙi warinsa.

A Haraj, "alas-saum" na nufin ka taya, "haddi" shi ne inda mai kaya ya tsaya. Ka bi talla kamar goma na jinsi ɗaya da shekaru ɗaya na mako biyu kafin ka taya, za ka san tsakiyar farashin. Wanda ya faɗo ƙasa da rabin tsakiyar nan, akwai dalili. Kada ka tura arbun, wato kafin alƙalami, kan hoto, cinikin biri a sama ne. Nemi bidiyon ranar, a kama kazar a ɗaga fiffike a buɗe baki. Idan ƙwai ne, ku yi yarjejeniya a rubuce kan adadin da zai nuna ɗa a rana ta bakwai a cikin faƙƙasa, da abin da zai biyo baya idan bai kai ba.

Lokaci ma kuɗi ne. Da bazara masu kiwo na rage kaya saboda tsoron zafi, farashi ya sauka, amma a lokacin ne zakara ke rage barbara, ƙwai ya yi ta fitowa fanko. Ƙwai da tsaki a saye su daga Oktoba zuwa Fabrairu, domin su yi ƙwari kafin Mayu. Jigila kuwa da dare ko da asuba, a cikin mota mai sanyi, ba a but ba.

Shigowa da tsuntsu ko ƙwan ƙyanƙyasa daga waje sai da izinin Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma, da takardar lafiya daga ƙasar da aka ɗauko, kuma ana rufe ƙofa ga duk inda murar tsuntsaye ta ɓulla. Saƙon da ake ba mai zuwa Umara daga Kano ko Alƙahira ya saƙo ƙwai a jaka, a filin jirgi yake ƙarewa.

Duba kaza a hannu

Fara da tsayawa nesa kaɗan. Mai lafiya tana tsaye, tana tsince-tsince. Wadda ta takure ta sauke fukafukai, a bar ta. Sai ka kama. Ido ya zama garau, babu kumfa a gefe, fuska ba kumburi. Matsa hanci a hankali, kada majina ta fito. Kara kunnenka a bayanta, kada ka ji gurnani. Kumfar ido da gurnani alamar maikofilazma ce, cutar numfashi da ba ta barin kaza gaba ɗaya, kuma tana bi ta cikin ƙwai zuwa tsako. Shafa ƙashin ƙirji, idan ya fito kamar wuƙa ta rame, yawan gashi ne ya rufa mata asiri. Buɗe gashin dubura da ƙarƙashin fiffike ka nemi ƙwarƙwata da busasshen zawo. A masu gashin ƙafa, ware gashin ka duba ɓawon, idan ya ɗaɗɗaga ƙwari ne a ciki. Juya tafin ƙafa ka nemi baƙin tabo mai kumburi.

Sannan alamun jinsi. Brahma mai zanko ɗaya a tsaye ruwa biyu ce. Silki mai yatsu huɗu ko jar fata haka. Cemani a duba cikin bakinta da fatar ƙarƙashin fiffike da zanko a hasken rana, ja ko ruwan hoda na rage darajarta ƙwarai. Maran kuwa ƙwanta za a nuna maka, tare da sanin cewa duhunsa na raguwa yayin da kaza ta daɗe tana saka.

Wata ɗaya a keɓe

Sabuwar kaza ba ta shiga cikin tsofaffi sai ta yi kwana 30 a wani wuri dabam, da mazubin ruwa da na abinci nata, da takalmin da ba a shiga ɗayan akurkin da shi. Ka gama da tsofaffin tukuna, sannan ka je wurin baƙuwa. A cikin watan a yi mata maganin tsutsar ciki da na ƙwari.

Tsarin rigakafin tsaki da aka saba shi ne: Marek a ranar farko, Niyukasil wajen kwana 7 a maimaita wajen kwana 21 sannan duk wata biyu zuwa uku, Gamboro wajen kwana 14 a maimaita bayan mako ɗaya zuwa kwana goma, agana a fatar fiffike a mako na shida zuwa takwas. Likitan baiɗari, wato na dabbobi, na yankinka zai gyara kwanakin daidai da cutar da ke yawo. Kwalbar rigakafi ta tsuntsu 500 ce ko 1,000, kuma da an haɗa ta awa ɗaya zuwa biyu take da rai, don haka masu kaji kaɗan su haɗa kai su raba rana ɗaya. Abin da ke ɓata wadda ake bayarwa a ruwan sha biyu ne: zafi a hanya, da kulorin na ruwan famfo. A ɗauko ta cikin ƙanƙara, a yi amfani da ruwa marar kulorin, a zuba garin madara marar maiƙo giram 2 a kowace lita, a kuma janye musu ruwa awa ɗaya kafin nan domin su sha da ƙishi.

Idan ƙwai ka saya

Kada ya wuce kwana bakwai da sakawa, kada a wanke shi, kada a sa shi a firij. Idan ya iso, ka ajiye shi tsinin a ƙasa awa 12 zuwa 24 ya natsu. Faƙƙasa ta riga ta yi kwana ɗaya a kunne, a ɗaki mai sanyi, domin ƙaramin inji dumamawa ya iya, ba sanyayawa ba, idan ɗakin ya kai digiri 40 ƙwan ya dahu. Zafi 37.5 zuwa 37.8, laima kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, daga nan a daina juyawa a ɗaga laima zuwa 65 ko 70. Injin da ba ya juyawa da kansa, a juya sau uku ko biyar a rana. Sa ma'aunin zafi na biyu a ciki, na jikin injuna masu araha ba abin dogaro ba ne. A haska ƙwan da tocila rana ta 7 da ta 18 a fitar da baragurbi. Ƙyanƙyasa rana ta 21 ce. Idan sun fito da wuri zafi ya yi yawa, idan sun makara ya yi kaɗan. Tsakon da ya fasa ya maƙale, yawanci buɗe murfi ne ya busar da shi. A Jidda kuwa yawan laima ne matsalar, tsako ya cika ya mutu a ciki bai fasa ba, don haka a rage ruwan tire a makonnin farko.

Ƙwai mai tsada guda shida zuwa takwas, Silki ko baladi mai kwanci ta fi ƙaramin inji aminci, ba ruwanta da ɗaukewar wuta.

Tsaki na son digiri 33 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kusan 3 kowane mako. Abincinsu mai furotin kashi 20 zuwa 22 har mako shida, sai na girma mai kashi 16. Kada a ba su abincin masu ƙwai kafin lokaci, yawan kalsiyam ɗinsa na lalata ƙoda. Jini a kashi tsakanin mako uku da shida koksidiya ce, daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa take tasowa, maganinta amfiroliyam.

Abin da za ka riƙa kashewa

Babbar kaza na cin giram 110 zuwa 130 a rana, Brahma wajen 150. Mata biyar da zakara ɗaya kusan kilo 22 ke nan a wata, buhun kilo 50 ya haura wata biyu. Amma a zafin nan abinci na saurin lalacewa, gara ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata. Idan aka raba abincin shekara da yawan ƙwai, ƙwan Fayyumi ɗaya na cin kusan kwatan kilo, na Cemani kusan rabin kilo. Wanda ke neman ƙwan karin kumallo ya ga inda ya dosa.

Kuɗin bazara dabam ne. Ruwan da suke sha na ninkawa, kuma ruwan tankin rufi da azahar ba ya shayuwa, sai a sauya sau biyu ko uku a jefa ƙanƙara. Rufin kwano a yi masa rufi na biyu da tazara a tsakani, a ba da abinci da asuba da bayan la'asar. Masu nauyi a Makka da Jidda sai da mukayyif na wata huɗu zuwa biyar, a sa kuɗin wutar cikin farashinsu tun ranar saye. Sandar kwanansu kada ta wuce santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, dirowa daga sama ce ke fasa musu tafin ƙafa.

Mai son sayar da ƙwai da sunan jinsi ya ware kowane iri da kejinsa: zakara ɗaya ga mata takwas zuwa goma a masu sauƙin jiki, biyar zuwa shida a masu nauyi. Kaza na riƙe maniyyin zakara har kusan mako uku, saboda haka wadda ta yi cuɗanya da wani zakara, ƙwanta na mako ukun farko na tukunya ne. Ofinton da Koshin idan ƙwansu na fitowa fanko, a rage gashin da ke kewaye da dubura da almakashi, na macen da na namijin. Bayan tsatso biyu, idan ka fara ganin karkatattun yatsu, ƙanƙancewar jiki da raguwar ƙyanƙyasa, jini ya yi kusa. A nemo zakara daga wani mai kiwon da kajinsa ba su haɗa tushe da naka ba, shi ma ya yi nasa kwana 30 a keɓe.